Alan Jackson da Kundin "Where Have You Gone": Wace Gargajiya Yake Karewa?

A ranar 14 ga watan Mayu na 2021, mawaƙin Amurka Alan Jackson ya fitar da kundin waƙoƙi mai suna "Where Have You Gone", wato "Ina Ka Tafi", bayan ya shafe kusan shekara shida bai fitar da sabon kundi ba. Yana da shekara 62 a lokacin. Kundin na ɗauke da waƙoƙi 21, kuma shi ya rubuta 15 daga ciki da hannunsa. A waƙar farko, wadda ta ba kundin sunansa, Jackson yana cigiyar kiɗan kantiri ne kamar mai cigiyar masoyiyar da ta yi ƙaura ba sallama, yana ambaton kayan kiɗan da ya daina ji a gidajen rediyo, yana roƙon su dawo. An ɗauki bidiyon waƙar baƙi da fari a zauren Ryman da ke birnin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, inda shahararren shirin rediyo na kantiri mai suna Grand Ole Opry ya zauna daga 1943 zuwa 1974, kujeru duk babu kowa. Saƙon a fili yake: a ganinsa kiɗan da ya taso a ciki ya bar gida.

Kafin a yarda da wannan koke ko a ƙi shi, sai an san abin da Jackson yake kira kantiri na asali, da yadda kasuwar waƙa ta Amurka ta juya har dattijo mai irin matsayinsa ya ji kansa baƙo a cikinta.

Kiɗan kantiri kiɗan talakawan kudancin Amurka ne, manoma da masu haƙar kwal da direbobin manyan motoci da ma'aikatan masaƙu. Masu tarihi kan ɗauki 1927 a matsayin mafarinsa a kasuwa, shekarar da Ralph Peer ya kafa na'urar naɗar murya a garin Bristol na jihar Tennessee, ya naɗi Jimmie Rodgers da iyalin Carter. Kayan kiɗan sun zo ne daga wurare daban-daban. Gogen Turawa ya biyo baƙin haure daga tsibiran Birtaniya da Ayaland. Banjo ya samo asali daga kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma, dangin molo da gurmi, waɗanda bayin da aka kwashe suka sake ƙerawa a can. Jitar kwance, wadda ake ɗora ta a gaba ana jan guntun ƙarfe a kan wayoyinta, daga tsibirin Hawai ta fito, sannan aka ƙara mata matakai na ƙafa da ke sauya amon waya ana cikin kiɗa. Wannan salon ya bazu ne bayan waƙar "Slowly" ta Webb Pierce a 1954. Ita ce ke fitar da sautin nan mai kama da kuka wanda duk mai sauraron kantiri ya sani.

Gargajiyar da Jackson ke nufi ba ta kai can baya zuwa 1927 ba. Tasa ita ce ta mashaya, wadda ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutanen karkara suka kwarara birane neman aiki suka riƙa taruwa da dare a gidajen rawa. A irin wannan hayaniya dole aka sa wa jita lantarki aka kawo ganguna, kuma batun waƙa ya koma kan mutuwar aure da cin amana da giya da nadama. Hank Williams, wanda ya rasu ranar 1 ga Janairu na 1953 yana da shekara 29, shi ne uban wannan layi, sai Lefty Frizzell, sai George Jones da Merle Haggard. Ma'aunin waƙa mai kyau a wurinsu shi ne ta ba da labari cikin kalmomin da mutum zai faɗa a teburin cin abinci, murya ta fito gaba, goge da jitar kwance su amsa mata a tsakanin baitoci.

A nan ne koken ya fara samun tangarɗa, domin abin da Jackson ke kira asali shi ma an taɓa kiransa bidi'a. An daɗe ana ƙyamar ganguna a dandalin Opry. Jitar kwance mai matakai sabuwar fasaha ce a zamanin da aka haifi Jackson, wato 1958. Haka kuma a ƙarshen shekarun 1950, da kiɗan rok ya kwashe matasa, furodusoshi irin su Chet Atkins da Owen Bradley sun rage goge da jitar kwance, suka kawo 'yan amshi masu laushin murya da tarin goguna irin na manyan zauruka, don su jawo mutanen birni. Jim Reeves na cikin manyan taurarin wannan salon. Abin lura ga mai sauraro a Najeriya da Ghana, inda muryar Jim Reeves da ta Don Williams suka daɗe suna fita a rediyo da kaset, shi ne cewa abin da mutane da yawa a nan suke ɗauka tsohon kantiri na ainihi, a lokacinsa masu ra'ayin riƙau sun zarge shi da sayar da gado. Buck Owens da Merle Haggard sun mayar da martani daga Bakersfield ta jihar Kalifoniya da kiɗa mai kaifi. A farkon shekarun 1980 kiɗan ya sake karkata zuwa salon birni, sai George Strait da Ricky Skaggs da Randy Travis suka sake janyo shi baya, musamman bayan kundin Travis na 1986 ya nuna wa kamfanoni cewa tsohon salo na iya kawo kuɗi.

Ta wannan ƙofar Jackson ya shigo. An haife shi a Newnan ta jihar Jojiya, ya koma Nashville a tsakiyar shekarun 1980, ya yi aiki a sashen rarraba wasiƙu na wani gidan talabijin kafin kamfanin Arista ya ɗauke shi a 1989. Kundinsa na farko ya fito a 1990. Shi da Garth Brooks da Clint Black da Travis Tritt ake kira 'yan ajin 1989, kuma a cikinsu shi ne ya fi nacewa a kan tsohon tafarki. Nacin nasa ba a baki kawai ya tsaya ba. A bikin lambobin yabo na kiɗan kantiri na ACM na 1994, da aka ce ya rera a kan kiɗan da aka riga aka naɗa, sai ya sa mai gangarsa ya riƙa kaɗa hannu babu sanda, don kowa ya ga wasan kwaikwayo ne. A wani bikin lambobin yabo na kantiri, wato CMA, na 1999, da masu shiri suka ce George Jones ya taƙaita waƙarsa "Choices" har ya yi fushi ya ƙi zuwa, Jackson ya katse tasa waƙar a tsakiya ya rera ta Jones, sannan ya sauka daga dandali. A wannan lokacin ne kuma shi da George Strait suka rera "Murder on Music Row", wadda ke zargin unguwar kamfanonin waƙa ta Nashville da kisan kantiri. Ke nan koken 2021 ya haura shekara 20 a bakinsa, kuma ya fara shi ne tun yana kan ganiyar cinikinsa, don haka ba za a ce hassadar tsufa ce ta sa shi ba.

Me ya sauya a kasuwa? Abu na farko shi ne rediyo. Dokar sadarwa ta Amurka ta 1996 ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin ƙasar, kuma cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel shi kaɗai ya tara gidaje fiye da 1,000. Da mallaka ta taru a hannun 'yan tsiraru, zaɓen waƙa ya tashi daga hannun mai gabatar da shiri a ƙaramin gari ya koma hannun manajoji masu dogaro da binciken ra'ayin masu sauraro, waɗanda burinsu shi ne kada wani ya sauya tasha kafin talla. Waƙa mai sanyi, mai labarin mutuwa ko saki, ba ta cin irin wannan jarrabawa. Abu na biyu shi ne yadda ake ƙidaya. A 2012 mujallar Billboard ta sauya lissafin jadawalin waƙoƙin kantiri, ta haɗa da cinikin intanet da sauraro ta manhajoji da kuma kunna waƙa a tashoshin da ba na kantiri ba. Daga nan waƙar da ta fi kusa da kiɗan fof ko hip-hop ta samu fifiko, kuma "Cruise" ta Florida Georgia Line ta yi mako 24 a saman jadawalin. Shekarun da suka biyo baya sun cika da waƙoƙi masu jigo guda: motar a-kori-kura, budurwa, giya mai sanyi, daren Juma'a.

Abu na uku ya shafi yadda ake ƙera waƙar kanta, kuma a nan ne bambancin kundin Jackson ya fi fitowa. Tsohon tsarin Nashville shi ne a tara makaɗa biyar zuwa bakwai a situdiyo na tsawon awa uku, a kunna musu waƙar sau ɗaya ko biyu, su rubuta tsarinta da lambobi maimakon baƙaƙen kiɗa, hanyar da aka ƙirƙiro a birnin tun ƙarshen shekarun 1950 don a iya ɗaga ko sauke sautin waƙa nan take gwargwadon muryar mawaƙi. Sannan su buga tare, kowa yana jin ɗan'uwansa, mai jita ya bar wa mai goge gurbi, mai ganga ya sassauta idan murya ta sassauta. Sabon tsarin kuwa yakan fara ne daga kwamfuta: wani ya gina bugun ganga na na'ura, marubuta uku ko huɗu su zauna su ɗora kalmomi a kai, a ƙara kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin makaɗan ba su ma haɗu ba. Jackson ya koma wurin Keith Stegall, furodusan da ya yi kusan dukkan kundayensa tun na farko, suka kira tsofaffin abokan aikinsu, irin su Brent Mason a jita, Paul Franklin a jitar kwance, Stuart Duncan a goge da Eddie Bayers a ganguna. Mai sauraro zai ji sakamakon ko da bai san sunan kowa ba: akwai sarari a cikin kiɗan, ana barin jitar kwance ta gama maganarta kafin murya ta dawo, kuma babu gaggawa.

A ra'ayina, waƙar koken ba ita ce mafi ƙarfi a kundin ba, ko da yake ita ce ta fi jan hankalin 'yan jarida. Waƙa a kan rashin waƙoƙi masu kyau tana da iyaka, domin tana magana ne da waɗanda suka riga suka yarda. Hujjar Jackson ta fi tsayuwa a waƙoƙin da suka yi aikin da yake cewa an daina yi. Akwai guda biyu, "You'll Always Be My Baby" da "I Do", waɗanda ya rubuta don bukukuwan auren 'ya'yansa mata. Ta farkon uba ne yake bin rayuwar 'yarsa daga jariri zuwa ranar da zai miƙa ta, ba tare da wata kwalliyar magana ba. Akwai kuma "Where Her Heart Has Always Been", wadda ya rubuta don jana'izar mahaifiyarsa da ta rasu a Janairun 2017, kuma aka buɗe ta da tsohon naɗin muryar marigayiyar tana karanta Baibul. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsa, domin kundinsa na waƙoƙin coci na 2006 ya fara ne a matsayin kyauta ga uwar, kuma ya taɓa yi wa mahaifinsa waƙa bayan rasuwarsa a 2000. Waɗannan waƙoƙi an yi su ne don wani lokaci na rayuwa, aure ko makoki, kafin a yi tunanin sayar da su, kuma wannan shi ne tsohon amfanin kiɗan kantiri a wurin mutanen da suka ƙirƙiro shi.

Waƙar da ya aro ita ma tana da ma'ana. "That's the Way Love Goes" Lefty Frizzell ne ya rubuta ta tare da Sanger Shafer, Merle Haggard ya rera ta a 1983 ta kai saman jadawali ta kuma samo masa lambar Grammy. Haggard ya rasu ranar 6 ga Afrilu na 2016, ranar da ya cika shekara 79, shekara uku bayan George Jones, wanda Jackson ya rera waƙa a jana'izarsa. Da Jackson ya sa wannan waƙa a kundin ya kuma bayyana ta a matsayin girmamawa ga Haggard, yana nuna silsilarsa ne: Haggard ya koyi lanƙwasa murya daga Frizzell, shi kuma ya koya daga Haggard. Ya taɓa yin irin haka a 1999, lokacin da ya fitar da kundi guda na waƙoƙin magabata, har ya sake kai wata waƙar Don Williams saman jadawali.

Sauran kundin kuwa giya ta mamaye kaso mai yawa, kuma wannan na iya ba mai sauraron da bai saba ba mamaki, ganin waƙar jana'iza da karatun littafi mai tsarki suna zaune kusa da waƙoƙin wiski. Haka al'adar take tun zamanin Hank Williams, wanda ya rera waƙoƙin mashaya da na tuba duka biyu. Daren Asabar da safiyar Lahadi ake kiran wannan haɗin a kudancin Amurka. Bambancin da magoya bayan Jackson ke nunawa shi ne a tsohon salo giya alamar rauni ce, mutum yana sha ne don ya manta abin da ya rasa kuma ya san yana cutar kansa, alhali a sabon salo ta zama alamar shagali. Wannan gaskiya ne a wasu waƙoƙin kundin, amma ba duka ba, domin akwai irin su "Beer:10" da ba su da wani nufi sai nishaɗi, kuma ba su fi waƙoƙin matasan da yake suka zurfi ba. Kundin ya yi tsawo. Da an tsaya a waƙoƙi 12 ko 13 da ya fi ƙarfi. Abin mamaki shi ne tsawon nasa ya dace da zamanin da yake kuka da shi, domin a lokacin Billboard na lissafa sauraro 1,250 na masu biyan kuɗi a manhaja a matsayin kundi ɗaya da aka sayar, abin da ya sa yawan waƙoƙi ya zama riba. Kundin matashin mawaƙin kantiri Morgan Wallen da ya mamaye jadawalin wannan shekarar waƙoƙi 30 ne a cikinsa.

Akwai kuma wata tambaya da kalmar gargajiya ke ɗauke da ita a Amurka wadda kundin bai taɓa ba, wato ta launin fata. Kamfanonin faifai na shekarun 1920 ne suka raba kiɗan kudu gida biyu don ciniki, na fararen ƙauye daban, na baƙaƙe daban, alhali makaɗan suna koyo daga juna. DeFord Bailey, baƙar fata mai busa harmonika, yana cikin taurarin farko na Opry. Wasu baƙaƙen kuma su ne: Lesley Riddle ya yi yawon tattara waƙoƙi tare da A.P. Carter na iyalin Carter, Rufus Payne ya koya wa Hank Williams jita yana yaro, Louis Armstrong kuma ya busa ƙaho a faifan Jimmie Rodgers a 1930. Saboda wannan tarihin ne duk lokacin da aka ce wata waƙa ba kantiri ba ce, kamar yadda Billboard ta cire "Old Town Road" ta Lil Nas X, mawaƙi baƙar fata, daga jadawalin kantiri a 2019, sai muhawara ta tashi kan ko kiɗa ake karewa ko kuwa ƙofa ake tsarewa. Adalci ga Jackson shi ne koken nasa a kan sauti da rubutu yake, kuma waɗanda suka kawo sauyin da yake ƙi galibinsu farare ne 'yan Nashville. Amma duk mai amfani da kalmar asali a wannan fage yana taka ƙasa mai tsohuwar rigima.

Kundin ya shiga cikin goma na farko a babban jadawalin Billboard a makon fitowarsa ba tare da rediyo ta rungume shi ba, abin da ke nuna masu sauraronsa suna nan, hanyar kai musu ce ta sauya. A watan Satumba na wannan shekarar Jackson ya bayyana a talabijin cewa yana fama da cutar jijiyoyi mai suna Charcot-Marie-Tooth, wadda ya gada daga mahaifinsa, tana raunana ƙafafu tana hana shi tsayuwa daidai a dandali, kuma ya ce ya shafe kusan shekara goma da sanin haka. Wannan ya sa mutane suka sake sauraron kundin da wani kunne, musamman waƙar ƙarshe, "The Older I Get", wadda ya fara fitarwa a 2017, shekarar da aka shigar da shi zauren girmamawa na kiɗan kantiri. A 2022 ya fara rangadin da ya sa wa suna mai nuna bankwana.

Hasashensa cewa kiɗan ya tafi bai tabbata yadda ya zata ba. Tun 2015 Chris Stapleton ya nuna cewa kundin da aka naɗa da makaɗa na zahiri na iya cin kasuwa, kuma manhajojin sauraro, waɗanda suka raunana ikon rediyo, su ne suka ba matasa damar tono waƙoƙin shekarun 1990 da kansu. Mawaƙa irin su Cody Johnson da Zach Top, wanda aka haifa a 1997, sun gina suna a kan goge da jitar kwance, kuma a wurin tsararsu Jackson da kansa shi ne tsohon ma'auni, kamar yadda Haggard ya zame masa. A watan Yuni na 2025, 'yan watanni bayan kundin Beyoncé ya lashe lambar Grammy ta kundin kantiri, hukumar da ke ba da lambar ta sanar da raba rukunin gida biyu daga bikin 2026, na gargajiya daban, na zamani daban. Wasu sun karɓi matakin a matsayin amincewa da abin da su Jackson suka daɗe suna faɗa, wasu kuma sun kalli lokacin da aka yi shi da zargi. Ƙa'idar sabon rukunin ta dogara ne a kan tsarin waƙa da jigonta da kayan kiɗa irin su goge da banjo da jitar kwance, har da jitar lantarki da ganguna na zahiri, waɗanda a zamanin kakannin kiɗan ake musu kallon baƙi.